Rariyar Sarki Nomau

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, a birnin Shamatu da ke mararrabar hanyoyin fatake, an yi wani sarki mai suna Nomau, mai adalci da sakin hannu, wanda aibinsa ɗaya ne tak: gani yake duk wani abu mai kyau a duniya daga zauren kakansa ya fito. Matarsa, 'yar mutanen hamada, ta rasu ta bar masa 'ya guda, Gimbiya Yalwa, wadda yake ji da ita kamar tsoka ɗaya a miya.

Da Yalwa ta isa aure, ta nuna wanda ranta ya kwanta da shi, Yarima Tanimu na ƙasar Bakin Ruwa. Baffan yarima ya zo neman aure da goro da gishiri, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, ai mu da ku ɗaya ne. Goron nan daga kurmi ya iso mana duka, gishiri daga hamada, saƙar rigar da ke wuyanka kuwa kakanninmu ne suka koya wa masaƙanku."

Dattijon nan da alheri ya faɗa, amma ina! Girman kai rawanin tsiya. Sarki ya sallame shi ba amsa, ya kira Shardiyanu, aljanin da ke tsaron ganuwar birnin tun zamanin kakanni, ya ce ya fitar masa da duk wani abin aro daga Shamatu.

Aljanin ya fito da wata rariya ta zinariya mai faɗin masussuka, ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da ya zo daga wata ƙasa zai zube ta cikinta ya koma inda ya fito. Sai dai ka sani, rariya ba ta san sarki ba."

Sarki ya ce, "Tankaɗe."

Aka tankaɗe. Miya ta koma lami a kowane gida, tsofaffin da suka saba da goro suka hau hamma, dawaki suka ɓace daga turakunsu, rigunan fadawa suka bar wuyansu, ka ga manyan mutane suna neman bayan ginshiƙi. Sarki bai gama mamaki ba kuyangi suka shigo da kuka, wai Gimbiya ta ɓace. Ya leƙa rariyar, sai ga Yalwa kwance a ciki, ta ƙanƙance kamar 'yar tsana, tana barcin sihiri, ba ta zube ba, ba ta kuma fito ba.

Shardiyanu ya ce, "Rabinta naka ne, rabinta na hamada, rariya ta rasa inda za ta kai ta. Sihirin ba zai karye ba sai ka je da ƙafarka, a matsayin baƙo, wurin mutanen da ka kori kayansu, su ba ka kayan da hannunsu. Na ƙarshensu dangin uwarta."

Sarki ya ɗaura fata, ya ɗauki sanda, ya kama hanya cikin nadama. A kurmi aka tarye shi da goro fari da ja, sai ya ga matansu sanye da shuɗin zane na marinar Shamatu, sun yi masa wani irin ɗauri da bai taɓa gani ba, ya kuma rantse a ransa ya fi kyau a jikinsu. A Bakin Ruwa, baffan nan da ya wulaƙanta ya shimfiɗa masa tabarma, ya ba shi riga, aka kawo furar geron Shamatu da aka dama da zuma, makaɗa suna kaɗa kalangun da suka koya wurin mahautan birninsa, da waƙoƙinsu na masunta. Abin ya burge shi ƙwarai. Ashe yadda yake ci daga hannun mutane, haka suke ci daga nasa, kowa kuma ya ƙara wa abin armashi.

Hamada ce ta fi ba shi tsoro, don tun da ya auro matarsa daga wani ayari bai taɓa zuwa gaida surukai ba, ko rasuwarta bai aika musu ba. Ya isa bukkar fata inda surukarsa take zaune, tsohuwa tukuf, idonta ya dushe. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya tsuguna, ya ce, "Inna, ni ne Nomau. Na zo a makare, kuma da labari mai nauyi."

Tsohuwa ta saurara har ya gama. Ta yi kuka mai isarta, shi ma ya yi. Sannan ta laluba ta kama hannunsa, ta zuba masa gishiri da dabino, ta ce, "Ɗana, zumunta a ƙafa take, ga shi ka tako. Jikar tawa da wa take kama?"

Ya ce, "Da ke, Inna."

Nan take aka ji ƙara kamar tsawa, rariya ta tsage a can Shamatu, Yalwa ta miƙe da girmanta, kowane abu ya koma mazauninsa. Sarki ya komo da tsohuwar bisa raƙumi, shi yana jan akala da ƙafa.

Aka ɗaura auren Yalwa da Tanimu, aka yi bikin da kurmi da kogi da hamada suka haɗu a fili guda, kowa da kiɗansa da girkinsa. Ranar sa lalle, tsohuwa ta ce a kawo mata amarya. Ta shafa fuskarta da yatsu, tun daga goshi har haɓa.

Can ta ce, "Ƙarya mahaifinki ya yi mini, Yalwa. Da uwarki kike kama."