Igiyar Kyalla

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa. Ta zo mu ji ta, ko da mu za ta taɓa.

A wani gari an yi wani mutum, sunansa Cindo. Dukiyarsa kaf akuya ɗaya ce, Kyalla, ga ta da tsohon ciki. Amma bakinsa ya fi na mai garke. Duk wanda bai ji maganarsa ba, sai ya ce, "Kai dai akuya ne!"

Da damina ta faɗi, shi ya tsaya gaban mai gari, ya dage a yi shela: akuyar da aka kama a gonar wani ta zama ta mai gona. Aka yi shela. Kowa ya kafa turke.

Da safe Kyalla ta ce, "Maigida, igiyar nan ta fara cinyewa."

Ya ce, "Bari in dawo." Sai ya tafi duba turakan mutane, ya yi wa wannan faɗa, ya yi wa wancan tatas.

Kashegari ta ce, "Maigida, saura ƙiris."

Ya ce, "Ke, gari nake gyarawa!" Sai ya fice.

Rana ta uku ta ce, "Maigida, ni fa akuya ce. In ta tsinke, ganye zan bi."

Ya ce, "Bi mana, mu gani!"

Da ya dawo, sai turke da guntun igiya. Kyalla tana gonar waken tsohuwa Tabawa, ta ci ta yi nak.

Cindo ya zube gaban mai gari. "Ranka ya daɗe, ita kaɗai gare ni."

Mai gari ya ce, "Wa ya kawo dokar?"

Cindo ya tashi ya koma gida ba akuya.

A gidan Tabawa Kyalla ta haifi tagwaye. Cindo ya leƙa ta danga, hawaye shaɓe-shaɓe. Ta ɗago kai tana tuƙa, ta ce, "Sau uku na faɗa maka. Ni da kai, wa ba ya jin magana?"

Kafin ka zaga turken wani, taɓa igiyarka. Ku daina dariya, Cindon nan kakanmu ne. Shi ya sa har yau gidanmu ba mu da ko ɗan taure, amma mun san laifin akuyar kowa.

Ƙurunƙus, kan guntun igiya.