Inshorar Akwalar Sallau

An yi wani bawan Allah a wani gari, shekarun baya, ana ce masa Sallau. Albasa yake dako a wata tsohuwar a-kori-kura, wadda sai ka ji ta kafin ka gan ta. Ƙofarta ma da igiya ake ɗaurewa.

To, ku saurara. Lokacin sabunta inshora ya yi. A tasha akwai masu buga ta bogi, mai araha, wadda amfaninta kawai a nuna a shingen hanya a wuce. Sallau ya ƙi. Ofis-ofis ya bi da warin albasarsa, ko'ina tambayarsa ɗaya: "In na yi wa wani ɓarna, za ku gyara masa?" Sai da ya samu inda aka ce e, aka yi masa bayani ya gamsu, sannan ya biya.

Amininsa Tanimu mai shayi har da riƙe ciki don dariya. "Haba Sallau! Wannan akwalar? Ko kyauta wa zai ɗauka?"

"Ba don ita na yi ba, Tanimu. Don wani na yi."

"Wane ne?"

"Ban san shi ba tukuna. Allah ma ya sa kada in san shi."

Jama'a, ku ji ikon Allah! Wata safiya a gangaren tasha birki ya ƙi. Sallau na salati yana ihu a kauce, mutane suka watse, mota ba ta tsaya ko'ina ba sai cikin rumfar Tanimu. Ba wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi. Amma tukunyar shayi, teburi, kofuna, ƙwai, duk sun tafi. Tanimu ya zauna a ƙasa ya dafe kai, don da rumfar nan yake ciyar da gidansa.

Sallau ya durƙusa kusa da shi. "Yi haƙuri, Tanimu. Ashe kai ne."

Kamfanin inshora ya zo ya duba, ya tayar da rumfa sabuwa fil, har da rufin kwano. Murna wajen Sallau ba a magana, ka ce shi aka gina wa. Daga ranar, duk direban da ya tsaya shan shayi sai Tanimu ya tare shi: "Inshorarka ta gaske ce? In ta bogi ce, ajiye motarka can nesa!"

'Yan'uwa, mutumin kirki yana tanadi ne don haƙƙin wanda bai ma sani ba. Kai da ke zaune nan, takardar da ke cikin motarka, don mai tsaron shinge ka yi ta, ko don ɗan'uwanka da ke bakin titi?