Gimbiya Saudatu da Bikin Inabin Aljanu

A wani zamani mai tsawo, tun duwatsu ba su gama sandarewa ba, an yi wani sarki mai suna Jazuli a Birnin Marjana, wanda Allah ya ba shi mulki da dukiya da 'ya guda ɗaya tak, Gimbiya Saudatu. A shekarar da matarsa Sarauniya Rumasa'u ta rasu, sarki ya shiga ɗaki da baƙin cikinsa, ya bar 'yarsa ita kaɗai da nata.

A tsohon zauren fada kuwa akwai wani makeken zane da ya cinye bango guda, wanda ba a san hannun da ya yi shi ba. Hoton bikin inabi ne na aljanu: ga mata da rawanin ganye suna kaɗa ganga, ga maza masu kofaton akuya suna tattaka inabi a cikin ƙwarya ta dutse, ga sarkinsu mai tumbi bisa keken da damisoshi ke ja, giya na malala daga tuluna kamar jan alharini, hasken rana na zuba kan fuskokin da ba su san damuwa ba. Nan Saudatu take wuni tana kallo. Wata rana da hantsi aka neme ta aka rasa, sai wata kuyanga ta ƙwala ihu, don ga gimbiya can cikin zanen, riƙe da ƙoƙon zinariya, tana dariya.

Jarumai suka sari bangon har takubba suka dakushe, bokaye suka yi turare da surkulle har muryoyinsu suka dushe, bango bai tsage ba. Sai Yarima Hayatu, ɗan ƙanwar sarki, wanda marigayiya ta yi rainonsa tare da Saudatu, ya kuma ƙware a zane, ya faɗi gaban sarki ya ce, "Allah ya ja zamanin Kawu. Abin da aka shiga ta zane, ta zane za a bi shi. Ka yi mini izini."

Sarki ya ce, "Je ka, ɗana. Ni na saki hannunta, ka riƙo mini shi."

Hayatu ya zana ƙofa a gefen hoton, ya yi bisimilla, ya tura ta, ta buɗe. Ƙamshin inabi da amon ganguna suka tarye shi. Aka kai shi gaban Kurmusu, sarkin aljanun bikin, wanda ya dube shi da fara'a ya ce, "Ya kai bil'adama, ba mu sace kowa ba. Ta zo mana da kuka, muka shayar da ita abin da ke wanke tunani. In ta yarda ta bi ka, ƙofa a buɗe take. Amma ka sani ƙishirwar ƙasarmu ba ta da magani sai ƙoƙonmu."

Nan take maƙogwaron Hayatu ya bushe kamar tsohuwar rijiya. 'Yan mata suka kewaye shi da ƙoƙuna, ya rufe baki ya ratsa su, har ya iske Saudatu a gindin kurangar inabi. Ta dube shi ta ce, "Baƙo, daga ina? Zauna ka sha."

Ya kira sunanta, bai motsa ta ba. Ya ambaci mahaifinta, ta yi dariya. Sai ya tuɓe farar rigarsa ya shimfiɗa a ƙasa, ya tsoma yatsa a cikin ƙoƙonta, ya shiga zana fuskar Rumasa'u da jar giyar: faffaɗan goshinta, da wushiryarta, da yadda take karkata kai in tana yi wa 'yarta kitso.

Dariyar Saudatu ta tsaya. Ta durƙusa, ta shafa zanen, ta ce, "Umma." Hawaye suka ɓalle mata. Ta ce, "Yaya Hayatu, don me ka dawo mini da wannan ciwo?"

Ya ce, "Ba yadda zan kawo miki ita ba tare da ciwon ba, ƙanwata. Ni ma ita ta goye ni. Ga Kawu can bakin bango, ya rame."

Kurmusu ya sauko daga kekensa, ya miƙa mata sabon ƙoƙo, ya ce, "Kurɓi ɗaya, 'yata, duk ya wuce."

Ta daɗe tana duban ƙoƙon, sa'an nan ta naɗe rigar ta rungume a ƙirji, ta ce, "Na gode da karamcinka, ya sarkin biki. Amma na fi son in tuna uwata ina kuka."

Kurmusu ya sunkuyar da kai, ya ɗaga hannu ganguna suka yi shiru har Hayatu da Saudatu suka fita. Suna fitowa Hayatu ya faɗi sumamme don ƙishi, aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo, ƙishirwar ta sake shi tunda ya bar ƙasar aljanu. Sarki kuwa ya manta da rawaninsa, ya rungume 'yarsa suna kuka tare, fadawa suka juya baya don kunya.

Sarki ya koma kan gadon mulki, shari'a ta miƙe, kasuwanni suka cika. Da kaka ta yi, aka tambayi Saudatu, ta ce Hayatu take so, aka sa ranar aure. Ranar sa lalle, da jakadiya ta tsaya tana duban wadda za ta tsaya a matsayin uwa, sai sarki ya shigo cikin mata, ya karɓi ƙwaryar lallen, ya zauna kan tabarma, ya kama tafin hannun 'yarsa ya shafa mata da kansa. Bai iya ba, duk ya ɓata mata yatsu, amma Saudatu ta hana a gyara.