Kaskon Turare a Ɗakin Yara

An yi wani mutum a wani gari, shekaru masu yawa da suka wuce, sunansa Ilu, mai ɗinkin hula. Bawan Allah ne mai kunya, irin kunyar da ta yi wuya a yau. In ya hango surukarsa, Inna Tabawa, tun daga nesa zai cire takalmi ya tsuguna, kuma bai taɓa kallon tsabar idonta ba. Ku riƙe wannan, jama'a, don a nan zancen yake.

Sai ɗansa ya kwanta a asibiti, Sallah ta riske su a ɗakin yara. Wasu masu son alheri suka zo suka ƙawata ɗakin da takardu masu launi da zirin leda mai ƙyalli, daga taga zuwa taga, jelarsu na reto har kan gadaje. Yara sai murna. Niyya mai kyau ce, ba mai musu.

A gadon da ke kusa da na ɗan Ilu akwai wata jaririya, an sa mata roba a hanci, ga tukunyar oksijin tsaye a gefenta. Da iskar nan take numfashi. Ranar da aka kawo ta, Sista mai kula da ɗakin ta ja kunnen masu jinya: "Ko ashana kada a ƙyasta a nan. In wuta ta haɗu da iskar nan, kafin a ɗebo ruwa an gama."

To, ku saurara. Da hantsin Sallah ma'aikata sun ragu, Sista tana ɗakin gaba, matar Ilu ta fita wanke kwano. Sai ga Inna Tabawa da kwando a hannu, mai gadi ya ɗauka abinci ne. Ta buɗe, ashe kaskon turaren wuta ne, garwashi jawur. Ta hura, ta barbaɗa turare, ta ce, "Jikana ba zai yi Sallah cikin warin magani ba."

Ilu yana tsugune yana kallo. Inna ta fara bin gadaje, tana ɗaga kasko, tana sa wa yara albarka, iyaye na cewa amin. Takardu na reto a kanta, hayaƙi na lasarsu. Ilu ya yi gyaran murya, ba ta ji ba. Ya dubi ƙofa ko matarsa za ta shigo, shiru. Ta yaya zai ce wa matar da ta ba shi 'yarta ta fita, a gaban mutane? Ku da ke zaune nan, kada kowa ya yi saurin cewa ni zan iya.

Inna na matsowa, tana matsowa, har ta juya wajen jaririyar, ta ce, "Wayyo, 'yar nan ma ta sha ƙamshi."

Nan Ilu ya miƙe tsaye a gabanta, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Inna, ku tsaya nan! Kada ku matsa!"

Ta razana, hannunta ya yi sama, kasko ya taɓa jelar takarda. Wuta ta kama, ta bi zirin tana gudu wajen tukunyar. Mata suka sa ihu. Ilu ya cafki zirin da hannu biyu ya fizgo shi ƙasa, ya murtsuke wutar, leda na narkewa a tafinsa. Ya karɓi kaskon ya fita da gudu, ya kife shi cikin ƙasa. Hannun da yake ci da iyalinsa ke nan, jama'a, hannun allura.

Sista ta shigo tana faɗa: "Wa ya kawo wuta ɗakin nan?"

Ilu bai yi ƙarya ba, bai kuma tona asirin kowa ba. Ya ce, "Sista, an kashe. A taimaka a sauke sauran takardun."

Inna Tabawa ta ce, "Ni ce."

Ana naɗe masa hannu tana gefe tana hawaye, jaririya kuwa na barcinta. Can Inna ta ce wa Ilu, "Yau ka ɗaga mini murya."

Ya sunkuyar da kai. "Ku gafarce ni, Inna."

Ta ce, "Ɗana, da ka ɗaga ta tun ina bakin ƙofa."

Kun ji fa. Kunya alheri ce, amma wadda za ta rufe maka baki kana kallon rai zai salwanta, wannan tsoro ne ya ari sunanta. Ana iya hana babba ba a wulaƙanta shi ba, sai dai a hana da wuri. Ga Sallah tafe, za ku je dubiya. Ku kai abinci, ku kai addu'a, ku bar kasko da kyandir a gida. Kada ku rataya komai a ɗakin marar lafiya sai kun tambayi ma'aikata, kada adonku ya tare ƙofa. In kuwa ka ga wuta a hannun wanda kake jin nauyinsa, ko mahaifiyarka ce, ka yi magana tun tana bakin ƙofa. Allah Ya tsare mu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.