Tukunya Mai Jan Ciki

Ga ta nan, ga ta nanku, 'ya'yana.

Ta zo mu ji ta, Inna.

Wasu mutane ne maƙeran tagulla, ba su da gari. Yau suna nan, gobe suna can, kayansu a bayan jakai. Inda suka sauka sai ka ji guduma, ƙwan, ƙwan, ƙwan. A cikinsu akwai wata mace, Barmani, wadda ta gaji ƙira a wurin ubanta.

Wata shekara damina ta tare su a wani gari. Kogi ya cika, ba halin ƙetarewa da yara. Suka je gaban sarki roƙon wurin zama.

Sarki ya ce, "Ku ƙera mini tukunya ja ciki da waje. In kun yi, ku zauna. In kun ƙi, ga kogi can."

To su kuwa ba sa ba da tukunya sai sun shafe cikinta da kuza ta yi fari, domin tagulla tsirara in ta kwana da tsami, dafi take zama.

Barmani ta ce, "Ranka ya daɗe, farin nan shi ne lafiyar mai ci."

Sarki ya ce, "Ƙira na sa ki, ba wa'azi ba."

Ta koma ta zauna gaban maƙera. In ta ƙi, yara a ruwa. In ta yi, sarki a kabari. Ta daɗe tana tunani, sannan ta yi bisimilla ta hura wuta.

Kwana uku ta kawo tukunya, ja wur. Ta ce, "Saura abu ɗaya. A al'adarmu tukunya ba ta barin hannun maƙeri sai ya fara ci a cikinta. A dama kunun tsamiya, a bar shi ya kwana a ciki."

Aka dama. Da safe kunu ya yi kore-kore a gefe.

Barmani ta zuba wa kaza. Kaza ta ce, "Na gode, uwar ɗakina, yau azumi nake."

Ta zuba wa kare. Kare ya ce, "Yunwa kam ina ji, amma ban gaji da duniya ba."

Ƙuda ya ce, "Ku dai kun cika tsoro." Ya lasa, ya wuntsila, ƙafafu sama.

Barmani ta ɗebo ludayi guda, ta nufi baki. Sarki ya riƙe mata hannu.

"Baiwar Allah, kin ga ƙuda, kuma za ki sha?"

"Ni na ƙera ta, ranka ya daɗe. Abin da hannuna ya yi, cikina ne zai fara ɗauka."

Sarki ya saki hannunta. Can ya ce, "Ajiye ludayin. Je ki shafa mata farin naku. Ku zauna har kogi ya janye."

Kun ji dai, 'ya'yana. Kada ku miƙa wa mutum abin da ku kanku ba za ku iya haɗiyewa ba.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. In da ƙarya a ciki, ta gizo ce, ni kuma Allah ya yafe mini.