Ranar Da Keji Ta Tsayar Da Kiɗa

Akwai wata yarinya a garinmu Iseyin, sunanta Morenikeji, muna ce mata Keji. 'Yata ce. Yau ba labarin wasu na kawo muku ba, namu ne.

Keji tun tana ƙarama ba ta da surutu. Da babanta Mufutau ya rasu ya bar ni da ciki, sai abin ya ƙaru. Ko gaisuwa, durƙusawa kawai take yi, leɓe ya motsa, ba ka jin komai.

Wanda ta fi tsoro shi ne maƙwabcinmu Baba Lamidi direba, mai murya kamar injin niƙa. In ya gan ta sai ya ce, "Iya Keji, rediyon nan naki batir ne babu? Kawo ta tasha mu duba." Ita kuwa sai ta shige bayan zanina.

Akwai wata malama, Anti Bolatito, da ke koya wa yara wasan kwaikwayo da oriki, kirarin zuriya, duk Asabar. Na kai Keji. Baba Lamidi ya yi dariya har da tari: "To, sai dai ta fito a bishiya!"

Malamar ta ce kowane yaro ya koyo orikin babban da ya fi jin tsoro. Keji ta koyo na Baba Lamidi, wanda ake wa kirari da Ajagbe, a wurin tsohuwarsa. Amma a banɗaki take rerawa, ƙasa-ƙasa.

Ranar sunan jikansa aka toshe layi da rumfuna. Duk unguwa na can, kiɗa har tagogi na rawa. Ni ban je ba, ciki ya tsufa. Da azahar na miƙe zan ɗebi ruwa, sai na ji ɗumi yana bin ƙafata.

Jini ne.

Na zube a tsakar ɗaki. Na kira waya, babu mai ɗauka. Na yi ihu, kiɗa ya haɗiye. Haka Mufutau ya tafi, ana ta neman mota. Na ce shi ke nan, yarinyar nan za ta rasa mu duka.

"Keji, je ki kira Baba Lamidi."

Ta dubi jinin, ta dubi ƙofa. Ta fita.

Daga baya na ji yadda aka yi. Ta ja zanin wata, matar ta miƙa mata nama ta ce, "Je ki zauna, 'yar albarka." Ta durƙusa gaban Baba Lamidi, yana rawa, bai ko gan ta ba.

Ni ina kwance, idona ya fara duhu. Sai na ji wata murya a lasifika, wadda ban taɓa ji ba, ga ta kuma na san ta.

"Ajagbe! Jikan mayaƙan Ikoyi! Gidan da ba a taɓa ganin ƙeyarsu a fagen daga ba!"

A wurinmu babu mai jin orikinsa ya ci gaba da abin da yake yi. Makaɗa suka tsaya cak.

"Ajagbe, ku ba kwa barin na baya. Mamata tana zubar da jini!"

Da babbar rigarsa Baba Lamidi ya ɗauke ni zuwa motarsa, yana yi wa mutane tsawa su kwashe kujeru daga hanya. A asibiti aka ce da mun ƙara jinkiri, da ba a samu ko ɗayanmu ba.

Namiji na haifa. Muka sa masa Babajide, wato baba ya dawo.

Ranar suna Baba Lamidi ya daɗe yana kallon Keji, sannan ya share ido ya ce, "Iya Keji, rediyon nan lafiyarta lau. Mu ne ba mu kamo tashar ba."

Darasi: Yaro mai shiru ba murya ya rasa ba, wurin da zai gwada ta ya rasa. Kada ku yi masa ba'a, ku kai shi inda za a koya masa tsayawa gaban mutane. Ku tura wa duk iyayen da ke da irin Keji a gida.