Jaririn da Aka Haifa Ba Mafita

Ku matso ku saurara, ni ba na maimaita magana.

Barira ta haifi ɗanta na fari a gidan surukinta, Tanko wanzami. Kun san kunyar ɗan fari: uwa ba ta kallonsa a gaban mutane, balle ta yi zancensa. Amma tana lura. Zanen goyonsa bai taɓa ɓaci da kashi ba, ciki ya kumbura ya yi sheƙi, yana aman kore. Da ɗaki ya watse ta juya shi ta duba, sai ta ga babu dubura, fata ce a shafe. Ta wuni da maganar a baki. Daga ƙarshe ta fito tsakar gida, gaban surukinta da 'yan barka, kanta a ƙasa, ta ce, "Baba, ɗana ba shi da mafita." Mata suka kama baki, wai yau Barira ce ke cewa ɗana.

Aka kira Iya Gwamma, ungozomar da ta wanke shi ta shelanta cewa lafiyayye ne. Tanko har ya ɗauko aska zai tsaga wurin. Da Iya Gwamma ta yi shiru, da ba mai tuhumarta. Sai ta riƙe hannunsa ta ce, "Idona ya tsallake, na yarda. Amma na taɓa ganin irinsa, hanjin yana can ciki nesa. Ka yanka, ka kashe shi."

Shi kuwa Tanko, ya tsufa yana bugun ƙirji a kasuwa cewa jininsa ba zai kwanta gaban wuƙar likita ba. Ya mayar da aska zabira, ya rungumi jikansa, ya ratsa kasuwar nan ana masa ba'a: "Sarkin aska, ina zuwa?" Ya wuce abinsa.

A asibitin birni likitoci suka fito da bakin hanji ta gefen ciki, kashi ya samu hanya. Da yaron ya yi ƙwari suka buɗe masa dubura, daga baya suka rufe gefen. Yaro ya rayu. Barira kuwa har yau ba ta iya haɗa ido da surukinta.

To, ban son hayaniya, ɗaya bayan ɗaya. Cikin ukun nan, wa ya haɗiye kunyar da ta fi ɗaci?